Takyo da Libarbar Saje Gorre

A garin Danao da ke tsibirin Cebu, duk wanda ya tono wata tsohuwar libarba a ƙasan akwatin kakansa, ko ya saya wurin dillali zuciyarsa ba ta kwanta ba, shawarar da za a ba shi ɗaya ce: ya kai wa Noy Takyo. Sunansa na baftisma Eustaquio Almocera, amma ban da fadan da ya zuba masa ruwa da ma'aikacin da ya rubuta masa lasin, ba wanda ya taɓa wahalar da harshensa da wannan dogon suna.

An haife shi a shekarar da sojan Japan suka sauka Cebu, a wata bukka can kan duwatsu inda uwarsa ta gudu da cikinsa. Ubansa masunci ne, teku ta cinye shi bayan yaƙi, sai riƙonsa ya koma hannun kawunsa Melchor. Shi kuwa kawu Melchor sana'arsa ita ce ta rabin mazan unguwar: ƙera paltik, wato bindigar hannu da ake yi a bayan gida, ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, da magagari da guduma da haƙuri. Hukuma ba ta yarda da ita ba, amma ita ke sa tsakin masara a tukunya. A nan Takyo ya tashi, har ya kai in an rufe masa ido aka miƙa masa ƙarfe, da babban yatsa zai faɗi inda magagari ya bi da inda bai bi ba.

Da a nan zai tsufa, ba don Pering ba. Perpetua sunanta, tana sayar da shinkafa mai danƙo da koko mai zafi a ƙofar coci. Takyo ya sha kokon nan har cikinsa ya fara ƙorafi kafin ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ta saurare shi har ya gama, tana juya muciya, sannan ta ce:

“Ni dai ba zan auri mutumin da in kare ya yi haushi sai ya faɗa gonar rake ba. Ka nemo sana'ar da za ka gaisa da ɗan sanda ido da ido, sai ka dawo.”

Ya ajiye magagarin kawunsa ya tafi birnin Cebu. Ya zauna a gefen kasuwar Carbon yana gyaran keken ɗinki da sikelin masu kifi, aka ɗaura aure, aka haifi 'ya'ya mata biyu. Wata rana wani mai shagon bindiga na halak, da ya kawo gyaran keken matarsa, ya tsaya yana kallon hannun Takyo. Bai tambaye shi daga ina yake ba, don hannun ya riga ya faɗa. Ya ce masa in yana son aiki mai takarda, ya zo shago ranar Litinin.

A wannan shagon ne ya fara kwance Colt ta gaske, irin ta sojan Amurka ta lokacin yaƙi. Ya sha kwaikwayon ta a rumfar kawunsa ba tare da ya taɓa riƙe ta ba, daga kwaikwayon wani kwaikwayon suke aiki. Da ya zare sassanta ya jera a kan tsumma, sai ya ji kamar mutumin da ya daɗe yana jin labarin wani babban malami, yau ga shi a gabansa. Ya duba ɗan dokin da aka buga a jikinta, tsaye kan ƙafafun baya, kowace jijiya a fili. Ya duba haruffan, duka zurfinsu ɗaya. Ranar bai ci abincin rana ba, mai shagon sai da ya ce masa ya harhaɗa kayan mutane ya mayar.

Tun daga nan ciwon ya kama shi. Ba shi da ƙarfin sayen bindigogin, kuma lasin mai tara kayan tarihi ba a wasa da shi, don haka ya fara da abin da kowa ke zubarwa: kube. Kuben fata na Amurkawa mai murfi da tambarin U.S., da na Japanawa mai murfi kamar ƙwaryar kunkuru, da jakar gidan harsashi, da igiyar da soja ke ɗaure libarba da ita a kafaɗa, da ɗan sandan goge ciki. Ranar hutu sai ya hau jirgin ruwa zuwa Leyte ko Bohol ko Negros, yana bin tsofaffi gida-gida. Ya taɓa samun kuben hafsan Japan a hannun wata tsohuwa da take ajiye taba a ciki, ya taɓa cire igiyar libarba daga wuyan akuya. Pering takan ce gidan nan nata warin tsohuwar fata yake, ko baƙo ya shigo sai ya zaci majema ce. Duk da haka ita ce ta ɗinka labulen da ke kare kabad ɗin da yake ajiye su daga rana, kuma ba ta yarda kowa ya buɗe shi in ba ya nan.

Sannu a hankali lasin ya samu, bindigogin suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Colt ta farko, sai Nambu ta Japan, sai wata libarba mai juyi ta zamanin Sifaniyawa da aka samu a rufin wani tsohon gidan fadan coci. Da 'ya'yan suka yi aure, shi da Pering suka koma Danao, ya buɗe ɗan shago a ƙasan gidansu, da lasinsa a rataye inda duk mai wucewa zai gani.

A lokacin sunansa ya riga ya tafi. Daga Manila ma akan zo. Yadda yake duba bindiga ba wani asiri a ciki, yakan faɗa wa duk wanda ya tambaya. Yakan ce inji buga haruffa yake gaba ɗaya, hannu kuwa ɗaya bayan ɗaya yake sara, kowane harafi da nasa zurfin. Yakan ce tsufa ba ya zaɓen wuri. Mai jabu zai tsofar da waje, ya jiƙa da ruwan gishiri, ya binne a ƙasa, amma sai ya manta da ƙarƙashin mariƙi inda ido ba ya kaiwa. Sannan kube da bindigarsa kamar miji da mata ne da suka daɗe tare, kowanne ya bar wa ɗan'uwansa alama. Zai sa gilashin masu gyaran agogo a ido, ya shafa, ya sunsuna, wani lokaci ya ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne. In ya gama sai ya faɗi gaskiya, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Akwai waɗanda suka fita shagon suna zaginsa, kuma yawancinsu sun dawo da wata bindigar.

Abu ɗaya ne ba ya ɓata lokaci a kai, paltik. Da ya gane ta sai ya tura wa mai ita ya ce ya kwashe. Maƙeran unguwa da suka tashi tare suna ce masa Ba'amurke, in ya wuce wurin faɗan zakaru sai wani ya ɗaga murya ya ce a ba Mista hanya. Shi kuwa yakan ce musu ranar da suka koyi zana doki zai zo ya gaishe su.

Da aka zo cika shekara hamsin da gama yaƙi, hukumar gari ta shirya baje kayan 'yan mazan jiya a zauren taro. Aka yi magana da 'yan sanda, aka yi shela cewa duk mai wani abin yaƙi na gado ya kawo ba tare da tsoro ba, aka kuma ɗora wa Takyo tantancewa. Ya yi ta fama da hulunan ƙarfe da gorunan ruwa da takubban da aka ƙera shekaran jiya, har ranar da Natividad Gorre ta shigo da ƙunshi a cikin tawul.

Nang Tibing ake ce mata, ungozoma ce, kusan rabin matasan garin a hannunta suka fara kuka, don haka ba ta jin tsoron kowa. Ubanta shi ne marigayi Saje Fulgencio Gorre, wanda ya yi yaƙin sari-ka-noƙe a duwatsun nan tun daga shigowar Japanawa har fitarsu. Duk garin an san labarin libarbarsa: Colt ce, wani hafsan Amurka ya ba shi kyauta saboda jarumtakarsa. A gidan Gorre, kusa da gunkin Santo Niño take zama.

Takyo ya wanke hannu kafin ya kwance tawul ɗin. Kuben ya fara gani, zuciyarsa ta yi fari. Na gaske ne, fatar da ɗinkin da ƙugiyar tagulla duk na lokacin ne. Ya buɗe murfin ya zaro bindigar, kuma tun kafin ya kai gilashi ido, babban yatsansa ya riga ya gaya masa. Ya duba dokin. Kunnuwa dogaye, ciki ƙato, wuya gajere. Ya duba haruffan, wani ya nutse wani yana iyo.

Ya daɗe yana jujjuya ta, yana neman ta inda zai fara. Nang Tibing ta ce masa ya yi magana, ita ba ta saba jiran naƙuda mai tsawo haka ba.

“Nang Tibing, kuben na Amurka ne, ba shakka,” in ji shi. “Bindigar kuwa a nan aka yi ta.”

“A nan ina?”

“A duwatsun nan. Paltik ce.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi bindigar ta mayar kube, ta naɗe tawul ɗin a hankali, ta ce masa ubanta ya kwana a rami, ya ci rogo ɗanye, an harbe shi a cinya, sai yau wani mai gyaran keken ɗinki zai ce maƙaryaci ne. Ta ce ba ta san shekarun da ya yi a Cebu sun sa ya fi kowa sani ba. Ta fita ta bar ƙofar a buɗe.

Kafin la'asar maganar ta zaga kasuwa. Wasu suka ce Takyo ya ci mutuncin mamaci, wasu suka ce ai dama 'yan gidan Gorre sun cika baki. Pering ta dawo daga coci ta ce ko gaisuwarta mata ba su amsa da kyau ba. Ba ta ce ya yi kuskure ba, ta san shi a kan bindiga. Ta dai ce akwai gaskiyar da ake faɗa a tsaye, akwai wadda ake ba mutum kujera tukuna.

Amma abin da ya hana Takyo sakat ba surutun mutane ba ne. Bindigar ce. Ya ga paltik ba adadi, ya san halinta: a gyara waje ya yi ƙyalli don a ruɗi mai saye, ciki kuwa ko oho. Wannan akasin haka take. Wajenta kaca-kaca, kamar wanda ya yi ta ana bin sa a guje, amma da ya ja ta baya sai ya ji ta tafi sumul, ba karkarwa ba cijewa. Wanda ya yi ta ba kasuwa ya nufa ba, so yake ta tashi. Ga mariƙinta na ƙahon ɓauna, ya lashe daidai inda tafin hannu ke zama. Ga kuma kuben: cikinsa ya ɗauki siffar wannan bindigar ce, har da wani ɗan tudu da ke gefenta wanda Colt ba ta da shi. Sun daɗe tare ke nan, tun fatar tana sabuwa.

Da safe ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan Gorre. Nang Tibing ta bar shi a tsaye a tsakar gida tana shanya. Ya ce bai zo janye maganarsa ba, don ba zai iya ba, amma jiya rabin magana ya faɗa. Yana zaton an ƙera bindigar ne ana cikin yaƙin, ba bayansa ba, kuma in haka ne, yana son ya nemo wanda ya yi ta.

“To in ka nemo shi fa? Zai mayar da ita Colt?”

“A'a. Amma zai san abin da ni da ke ba mu sani ba.”

Ta ce bindigar ba za ta bar hannunta ba. Ya ce to sai ta zo da ita.

Neman ya ɗauki lokaci. Dole Takyo ya koma wurin mutanen da ya daɗe yana wuce su, maƙeran rumfunan bayan gari. Suka sha shi da ba'a son ransu. Wani ya ce yau Mista ya ɓata hanya, wani ya share masa kututture ya ce kada wandonsa ya yi datti. Ya zauna ya shanye, ya saya musu giyar kwakwa, ya zana musu dokin a ƙasa da tsinke yadda ya gan shi. Suka yi dariya suka ce wannan ai akuya ce. Sai wani mai furfura a cikinsu ya daina dariya, ya ce ya taɓa jin ubansa na tsokanar wani da akuya. Tatay Baldo Capuyan, in yana raye, can sama yake, bayan inda hanyar mota ta ƙare.

Acaɓa biyu suka ɗauka, Nang Tibing da ƙunshinta a cinya. Inda babur ya gaza suka taka da ƙafa ta cikin masara. Suka tarar da tsohon a zaune bakin bukkarsa yana ɓare masara da hannayen da suka ƙandare kamar saiwa. Ya haura tamanin da nisa, ido ya yi hazo, amma kunne garau. Da ya ji an ambaci bindiga sai ya ce shi manomi ne, bai san komai ba, su tambayi kowa. Takyo ya ce su ba hukuma ba ne, shi ɗan 'yar'uwar Melchor ne.

“Melchor mai gaggawa?” in ji tsohon. “Wanda ba ya jira ƙarfe ya huce? To zauna, yaro.”

Nang Tibing ta kwance tawul ɗin da kanta ta sa masa bindigar a hannu. Bai kai ta ido ba. Ya auna nauyinta, ya bi ta da yatsu daga baki zuwa mariƙi, ya tsaya a kan ɗan tudun nan na gefe. Sai ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

“Ta Ensyo ce,” ya ce. “Ensyo Gorre. Nan magagarina ya karye, ban samu wani ba sai da aka kwana biyu, shi kuwa ya ƙi jira.”

Ensyo shi ne sunan da ake kiran Saje Fulgencio da shi, kuma ba wanda ya faɗa wa tsohon sunan. Nang Tibing ta nemi wuri ta zauna a kan turmi.

Daga nan labari ya ɓalle. Tatay Baldo ya ce su 'yan ƙalilan ne a wani kwazazzabo, suna aiki da ƙarfen titin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake da sifirin motocin da aka ƙona. Ba su hura wuta sai in hazo ya rufe dutse, don kada a hango hayaƙi. Colt ɗaya tak suka taɓa gani, ta wani malamin makaranta, aka ba su aronta na yini biyu suka auna ta da zare da tsinken kwakwa. Samarin da ke zuwa karɓa kuwa sun kafe sai an sa musu doki, wai bindigar da ba doki ba ta kisa. Shi kuma a rayuwarsa bai taɓa zana ko kaza ba. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, suka sa masa suna Baldo mai akuya, sunan ya bi shi har ya yi jikoki.

Nang Tibing ta yi ƙarfin hali ta tambaye shi zancen hafsan Amurka. Tsohon ya ce ai gaskiya ne, akwai hafsan, Ensyo da bakinsa ya hawo nan ya ba shi labari bayan an gama. Da Amurkawa suka sauka, wani hafsa ya ga bindigar a ƙugun Ensyo, soke cikin igiya, ya karɓa ya duba, ya kira abokansa suka taru suna mamaki. Ya zaro tasa Colt ɗin sabuwa fil ya ce su yi musaya, yana son ya kai wannan gida ya nuna.

“Ubanki ya ce masa a'a. Ya ce wannan tun da ya karɓe ta ba ta taɓa ƙin tashi ba, taka kuwa ban san halinta ba. Sai Baturen ya kwance kubensa ya ba shi, ya ce bindiga irin wannan ba ta kamaci igiya ba.”

Nang Tibing ta mayar da idonta kan masarar da ke gangaren. Can ta ce ita dai tun tana ƙarama abin da take ji a bakin ubanta shi ne, Bature ya ba ni wannan, yana dafa kuben. Su ne suka ƙarasa masa sauran. Ta share ido da gefen tawul, ta juya ta ce wa Takyo kada ya kuskura ya ce ya ga ta yi kuka.

Shi Takyo bai ma lura ba. Ya karɓi bindigar yana sake kallonta a hasken rana, yana tuna yadda ya riƙa tura irinta gefe da bayan hannu. Da zare da tsinken kwakwa. Ya san abin da ake nufi da a fitar da wannan santsin daga ƙarfen titin jirgi, ya san yawan fatar hannun da ke tafiya. Ya tambayi tsohon yadda suka yi da murɗin cikin bututun, tsohon ya ce wannan kuma ba a faɗa wa ɗan gidan Melchor, sai ya je ya ɓata. Suka yi dariya su biyu, irin ta mutanen da suka san abu ɗaya. Jikar tsohon ta kawo dafaffen rogo da busasshen kifi, suka ci da hannu kafin su kama gangara.

A taron shirya baje kolin an ɗan yi ja-in-ja. Wasu 'yan kwamitin suka ce baƙi za su zo daga Cebu da Manila, kuma garin ya gaji da a riƙa kiransa garin paltik, ba sai an sa ta a gilashi an ƙara tona kai ba. Takyo ba mai yawan magana ba ne a taro, amma ranar ya miƙe. Ya ce Colt ɗin da ke kabad ɗinsa zai ba da aronsu duka, suna da kyau, amma a wata ƙasa aka yi su, kuma sai da yaƙi ya kusa ƙarewa suka iso da yawa. Kafin su iso, da me aka tsare duwatsun nan? Ya ce shi ya tantance bindigogi iri-iri, kuma zai sa sunansa a kan wannan: ba Colt ba ce, amma libarbar yaƙi ce ta gaske, an san wanda ya ƙera ta, an san wanda ya riƙe ta, abin da ba zai iya faɗa ba game da ko ɗaya daga cikin nasa. Nang Tibing ta ce daga kujerarta, duk wanda bai yarda ba ya tuna wa ya yanke masa cibiya. Aka yi dariya, magana ta wuce.

Ranar bikin aka sa ta a tsakiyar zaure, a kan jan ƙyalle, kuben a gefenta, Colt da Nambu na Takyo suna kewaye da ita. Samarin unguwa suka sauko da Tatay Baldo daga dutse a kan kujera da aka ɗaura wa gora, aka sa masa farar riga ta aro wadda ta yi masa yawa. Da ya ji an ce ga 'yan sanda a ƙofar zaure sai ya riƙe hannun Takyo ya ce a mayar da shi. Takyo ya ce masa yau gadinsa suka zo yi. Tsofaffin sojojin sari-ka-noƙe da suka rage, da hulunansu da lambobinsu, suka zo ɗaya bayan ɗaya suna leƙa gilashin. Wani ya ce shi ma irinta ya riƙe, tasa akuyar ma ta fi wannan ƙiba. Da aka nuna musu mai akuyar a zaune, sai suka jeru gabansa yadda ƙafafunsu suka ba su dama, suka sara masa. Tsohon bai ga saran ba sai da aka gaya masa. Ya ce a ce musu su sauke hannu, kada kafaɗa ta riƙe.

Maƙeran rumfuna ma sun zo, sun tsaya daga baya-baya kusa da ƙofa saboda sabo. Takyo ya je ya jawo su gaba. Ya tsaya gefen gilashin har aka tashi, yana yi wa duk wanda ya matso bayani, da 'yan makaranta da baƙin Manila, yana nuna musu inda magagari ya karye. Pering ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya yi magana mai yawa haka ba, har muryarsa ta dushe.

Tatay Baldo bai ga wata damina ba bayan wannan. Kafin ya rasu Takyo ya yi ta hawa wurinsa, yana tambayarsa sunayen sauran maƙeran kwazazzabon da alamar hannun kowannensu: wane ne ke zagaye bakin kunama, wane ne ke saka mariƙin katako maimakon ƙaho. Da wannan sanin ya shiga sabon nema, kuma ya fi na farko wuya, don paltik ɗin yaƙi ba ta da lamba ba ta da littafin kamfani, ga masu jabu da suka ji ana nemanta sun fara zana akuya da gangan. A cikin shekarun da suka biyo baya kaɗan ya samu waɗanda ya yarda da su, ɗaya a Tuburan, ɗaya a hannun wani direban jirgin ruwa, ɗaya kuma rabinta kawai, tsatsa ta ci sauran. Da yawa ya mayar wa masu su ya ce bayan yaƙi aka yi su. Akwai wadda har yau bai yanke hukunci a kanta ba, in an tambaye shi sai ya ce bai sani ba, kuma ba ya jin nauyin faɗar haka.

Libarbar Saje Gorre ta koma gidansu, kusa da Santo Niño. Wani mai tara kaya daga Manila ya yi ta aike a kanta, Nang Tibing ta ce a gaya masa ubanta ya hana Bature, ita ba za ta ba ɗan Manila ba. Sau ɗaya a shekara, kafin bikin gari, takan naɗo ta a tawul ta kawo shago a shafa mata mai. Takan zauna a kujerar baƙi tana ba Pering labarin haihuwar da aka yi a makon, tana satar kallon hannun Takyo, tana ce masa ya bi a hankali, ba keken ɗinki ba ne.